Zauren Na'ura: Kati ya mutu da sabuntarsa, wa za a kama?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki, kusan duk a kan katin girafik suke, wato allon nan mai fanka da ake sokawa cikin kwamfutar tebur don ya ɗauke mata nauyin hoto da bidiyo da wasanni. Na zaɓi huɗu. Ta farko ta cinye mini fili, masu sauran ku yi mini afuwa.

TAMBAYA: Malam, ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Mabera. Wata bakwai ina tara kuɗi na sayi sabon kati a kwalinsa, daga Legas aka kawo mini, don tsohon sai ya kwana yana fitar da bidiyon kamu ɗaya. Sati biyar ya yi yana aiki lafiya. Ranar wata Lahadi ina tsakar haɗa aikin wani ɗaurin aure sai allo ya cika da ɗigo-ɗigo kore da ja, ya daskare, tun daga nan ko na kunna sai baƙi. Abokan sana'ata sun ce ni na jawo wa kaina, wai kowa ya san kayan wannan kamfani ba su da ƙarko. Na rantse ba ni ba su har abada. Gaskiya suka faɗa? Kuma wane kamfani zan koma?

AMSA: Ƙanena, sannu da wannan rashi, Allah ya mayar da alheri. Sunan kamfanin da ka rubuto ni na cire shi da gangan, za ka ji dalili. Rantsuwar kuwa da ka jira ka ji ta bakina tukuna, don ina jin sai ka yi kaffara.

Bari mu fara da fata, tunda a Sakkwato muke. In ka sayi jaka ta yi wata biyu ta fara tsattsagewa, baduku za ka zaga, don shi ka sani, shi ya karɓi kuɗinka. Alhali sau da yawa ɗinkinsa lafiya lau yake, a wurin jima aka cuce shi, majemi ya yi gaggawar tsame fatar kafin bagaruwa ta ratsa ta. Sunan da ke rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kwalin kati, ko ASUS ne ko MSI ko Gigabyte ko Zotac ko Sapphire, sunan baduku ne. Ƙwaƙwalwar katin, ɗan cip ɗin nan da ke tsakiya, kamfanoni uku ne ke zana irin wadda muke saye: Nvidia, AMD da Intel, duk na Amurka. Su ma zane suke yi, wani ke toya musu. Mafi yawa kamfanin TSMC na Taiwan, in ban da wasu, irin su jerin RTX 30 da Samsung ya yi wa Nvidia. Memorin da ke kewaye da ƙwaƙwalwar kuma, inda kati ke ajiye abin da yake aiki a kai, na Samsung ne ko SK Hynix ko Micron. Baduku ya sayo waɗannan, ya ɗora a kan allonsa, ya like da dalma, ya ƙara kayan daidaita wuta da tagulla da fanka, ya buga sunansa. Kati ɗaya, hannu biyar ko shida ya biyo, kuma kowane hannu na iya kuskure.

Ɗigo-ɗigon da ka gani, a abin da na saba gani a kan teburina, ya fi nuna memori, ko likin dalmar da ke ƙarƙashinsa ko ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Lokacin da abin ya faru ma yana magana. Kayan lantarki sun fi mutuwa a lokaci biyu, ko suna jarirai ko sun tsufa. Wanda ya fito da aibi daga masana'anta yakan tona kansa a makonni ko watannin farko, bayan ya yi zafi ya huce, ya yi zafi ya huce, har likin da ba shi da ƙarfi ya saki. In ya tsallake wannan yakan daɗe, sai fanka ta gaji, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da tagulla ya bushe. Zafin garin nan kuwa ba ya kisan farat ɗaya. Da gargaɗi yake zuwa: fanka ta riƙa ihu, aiki ya riƙa jan ƙafa da azahar, kwamfuta ta mutu da kanta, in an yi magariba ta dawo kamar ba ita ba. Wuta in ta yi ɓarna takan bar ƙauri, kuma da wuya ta tsaya a kan kati kaɗai. Kai ba ka ambaci ƙauri ba, ba ka ambaci ihun fanka ba, kati ɗan sati biyar kuma jariri ne. Zuciyata ta fi karkata ga aibin masana'anta. Amma kafin ka kai maganata gaban mai kaya, zare katin ka sake soka shi, canza wayar allo, sannan ka gwada shi a kwamfutar wani. Sau uku a bara aka kawo mini kati ana salati, ashe wayar HDMI ce ta lalace.

To ke nan abokanka sun yi gaskiya? Ga abin da ya koya mini hankali. A 2008 Nvidia ya amsa cewa wasu cip ɗinsa na laftof, irin su GeForce 8400M da 8600M, suna mutuwa fiye da ƙima. Ciwon yana cikin ƙananan ɗigon dalmar da ke haɗa cip da mazauninsa da ƙaron da aka zuba ya riƙe su, zafi da sanyi suna ta jan su har su tsage. Kamfanin ya ware dala miliyan 196 a shekarar don gyara da musanya, kuma abin ya shafi laftof ɗin HP da Dell da Apple. Bayan 'yan shekaru irin waɗannan laftof suka fara sauka a kasuwanninmu a matsayin na hannu, lokacin ina yaron shago. Abin da na ji da kunnena shi ne mutane suna tsine wa sunan da ke kan murfi. Wanda tasa ta mutu ya ce shi da wannan kamfani haihata-haihata, ya je ya sayi ta wani kamfanin, bai san cip ɗin da ya kashe ta farko shi ke zaune cikin ta biyu ba. Ya bar wannan baduku ya koma wancan, fatar kuwa majemi ɗaya ya jeme ta. Mu kuma a lokacin muka koyi hura wa cip iska mai zafi, ya farfaɗo ya yi wata ɗaya ko biyu ya sake kwanciya. Allah ya yafe mana kuɗin da muka karɓa a kan wannan, don ba gyara ba ne, jinkirta jana'iza ne kawai.

Kada ka ce tsohon zance ne. RX 7900 XTX na AMD ya fito a Disamba 2022, nan da nan wasu masu shi suka fara ganin digiri 110 a wurin da ya fi zafi a cip. A Janairu 2023 kamfanin ya amsa cewa a wani zubi na katunan da aka yi da zanensa, ɗan ruwan da ake rufewa cikin faifan tagullar da ke kwashe zafi bai kai yadda ya kamata ba. Ka ji fa, ɗan ruwa. Katunan da wasu dukawa suka yi da wannan cip ɗin amma da nasu tsarin sanyaya, abin bai shafe su ba. A Fabrairu 2025 kuma aka gano wasu sababbin RTX 5090 da 5070 Ti, daga baya har da 5080, sun fito da giɓi a wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira ROP, wanda ke ƙarasa zanen ɗigon hoto. 5090 da ya kamata ya zo da 176 sai ga shi da 168. Nvidia ya ce abin bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na katunan ba, kuma yana rage gudu da kusan kashi 4 cikin 100. Wannan karon a wurin jima aka yi kuskuren, don haka ya faɗa wa dukawa daban-daban. Kuma 5090 ɗin nan shi ne katin da ya fi kowanne tsada a lokacin.

Wanda na fi so ka riƙe shi ne labarin EVGA, wani kamfanin Amurka. A 2016 wasu katunansa na GTX 1070 da 1080 suka riƙa ɗaukar zafi a sashen daidaita wuta, don ba a sa 'yar katifar da ke tsotse zafi a wurin ba. Kamfanin ya amsa, ya aika wa masu kati katifar kyauta, ya fitar da gyaran da ke ƙara gudun fanka. A 2021 wasu RTX 3090 nasa suka mutu ana cikin gwada wani sabon wasa na Amazon; ya karɓa ya musanya, ya bincika, ya fito ya ce likin dalma ne mara kyau a wani zubi na farko. Sau biyu ke nan a bainar jama'a. Amma da ya sanar a Satumba 2022 cewa ya bar sana'ar katin girafik, masu saye a can jimami suka yi ta yi kamar an yi rashi a unguwa, saboda sun san in kayansa sun lalace akwai wanda zai ɗauki waya. Ajiye wannan kusa da GTX 970 na Nvidia. Shi ba mutuwa yake yi ba, aikinsa yake lafiya. An dai sayar da shi a kan memorinsa gig 4 ne, sai a 2015 aka gano rabin gig na ƙarshe tafiyar hawainiya yake yi. Sai da aka je kotu a Amurka, aka sasanta a 2016 a kan dala 30 ga kowane mai kati a can, mu nan ko sisi. Har yau ana yi wa Nvidia gorin uku da rabi. Wancan ya yi aibi ya faɗa aka yafe, wannan ya yi shiru aka riƙe.

Su kuma abokan sana'arka, tambaye su kati nawa na wannan kamfani suka taɓa riƙewa. Za ka tarar ɗaya ne, ko ma labarin ɗaya ne da aka turo a guruf ɗin WhatsApp. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura, ban ga laifinsa ba, amma tsumma dai tsumma ne. Wanda katinsa ya shekara huɗu lafiya ba ya rubuta komai a Facebook, yana can yana aikinsa. Kamfanin da ya fi ciniki kuma dole shi za a fi jin kuka da shi. Ni kaina ban tsira ba, ni da marasa lafiya kaɗai ake kawo wa. Akwai shekarar da kati uku na kamfani ɗaya suka zo mini cikin wata guda, ciwo iri ɗaya. Na yi kusan shekara biyu ina hana mutane sayen kayansa, har da ɗaga murya a shago. Daga baya hira ta kawo hira, na gano duk ukun daga hannun ɗan kasuwa ɗaya suka fito, kaya ɗaya aka sauke masa, kuma duk sun sha wahala a wata ƙasa kafin a wanke su a sa a sabon kwali. Kamfanin da na yi ta ɓata wa suna bai san hawa ba bai san sauka ba. Dalilin cire sunan ke nan.

Wane kamfani za ka koma? Ni da za ka tambaye ni wane samfuri, kuma daga hannun wa, da na fi jin daɗin amsawa. Kowane kamfani yana da na sama da na ƙasa. Cip ɗaya ne, amma wani ya zo da fanka uku da tagulla mai nauyi, wani fanka biyu da ɗan siririn ƙarfe. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan bambanci ya fi sunan da ke kwali tasiri. Masu gwajin da kake kallo a YouTube a ɗaki mai sanyin digiri 20 da 'yan kai suke yi. In sun ce kati ya tsaya a 70, kai ƙara masa 15 ko fiye in ɗakinka ba na'urar sanyi. Rubuta cikakken sunan samfurin a intanet ka ga ko kuka iri ɗaya na maimaituwa daga bakin mutane daban-daban. Kuma ka bar masu rige-rige su sayi zubin farko.

Sai garanti, inda namu ciwon yake. Kwali zai ce shekara 2 ko 3. Wannan alkawari yawanci a ƙasar da aka fara sayar da katin yake aiki, ta hannun dilan da kamfanin ya sani. Katin da ya biyo ta Dubai ko Chaina ya sauka Ikeja, ya hau motar dare ya iso tashar Sakkwato, garantinsa a hanya ya sauka. Ko kamfanin zai karɓa, kuɗin aikawa da jiran watanni sai su cinye amfanin. Don haka a wurinmu kamfani shi ne mutumin da ka tura wa kuɗi. Kira shi yau, kada sati biyar ya zama goma. Ɗauki bidiyon allon, ɗauki hoton lambar da ke bayan katin da wadda ke jikin kwali, haɗa da rasit ko shaidar tura kuɗi. Kada ka bari kowa ya kwance ko sukuru ɗaya, ko ni ne. Akwai 'yar takarda manne a kan ɗaya daga cikinsu, in ta yage an samu hujjar korarka. Yadda ya amsa maka shi zai nuna maka wanda ya cancanci rantsuwar taka.

Bidiyon mutane kuma yana nan a ma'ajiyar kwamfuta, kati ba ya riƙe aiki. Mayar da tsohon ka ƙarasa musu ko da kwana zai yi, kafin dangin amarya su fara sallama a ƙofar gida.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun zanen gine-gine, a Arkilla nake. Kwamfutar da Baba ya saya mini ba ta iya juya zane in ya yi girma. Yayana ya samo kati biyu na hannu a intanet, GTX 1050 Ti da RX 580, kuɗinsu bai kai rabin na shago ba, kuma sunan da ke jikinsu sananne ne. Ya ce tunda babban suna ne ba matsala. In saya?

AMSA: Ƙanwata, ki gaida Baba, ya yi ƙoƙari. Yayanki kuma ki gaya masa suna sitika ce, ko'ina ana buga ta. Ya kuma faɗa kan kati biyun da aka fi yi wa algus.

Jabun 1050 Ti yawanci tsohon GTS 450 ne na 2010, aka canza masa bayanin da yake ba kwamfuta, sai ya riƙa amsa sunan da ba nasa ba. Ko Windows kika tambaya sunan ƙaryar zai nuna miki. Na gaske yana da 'yan ma'aikata 768 a cikin ƙwaƙwalwa, shi kuwa 192. Zai kunna, zai nuna hoto, ranar da kika ɗora masa gini mai hawa uku sai ya faɗi. Ki duba bayansa tun a hoto: in akwai shuɗin soket ɗin nan na tsofaffin allo, na VGA, babbar alama ce. Sannan akwai manhaja kyauta mai suna GPU-Z, tana nuna adadin, wani lokaci ma ta rubuta miki a jikin sunan cewa jabu ne.

RX 580 nasa labarin daban. Na asali na 2017 yana da 'yan ma'aikata 2304. Akwai wani da aka yi wa kasuwar Chaina mai 2048, wanda a ƙarfi RX 570 ne da babbar riga, kuma shi ya cika intanet. Bayan wannan, irin katin nan ne masu haƙar kuɗin kirifto suka fi so. Ba irin mainin ɗin da yara ke dangwalawa a waya ba. Ɗakuna ne cike da katuna suna aiki dare da rana shekara da shekaru. Da Ethereum, kuɗin kirifton da suke haƙa, ya canza tsari ranar 15 ga Satumba 2022 aikin ya ƙare, aka juye su kasuwa, rabonmu ya iso. Ba duka ne matattu ba, na ga masu lafiya da yawa. Ƙwaƙwalwar takan jure, fanka da memori ne ke shan kashi.

Don haka kada kuɗi ya bar hannunku sai kati ya shiga kwamfuta a gabanku. A sa masa FurMark, wadda ke matsa wa kati har iyakar ƙarfinsa, minti 30. Ki kalli allo ko ɗigo zai fito, ki saurari fanka, ki ga ko zafin zai tsaya wuri ɗaya ko zai yi ta hawa. Sannan ki buɗe zanenki mafi girma ki juya shi. Mai kayan da ya ƙi wannan ya riga ya ba ki amsa.

Abu ɗaya da yayanki bai duba ba: RX 580 yana jan wat 185 kuma yana son wayar wuta tasa daban, 1050 Ti kuwa wat 75 ne, yawanci daga mazauninsa yake sha. In kwamfutar Baba irin 'yar siririyar nan ce ta ofis, RX 580 ba zai ma shiga ba, ko ya shiga fawa-fak ɗinta, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, ba zai ɗauke shi ba. A auna akwatin kafin a yi ciniki.

TAMBAYA: Malam, ina da gidan gem a Tudun Wada. Na ga bidiyon manyan katuna da soket ɗinsu ya narke. Ina son sayen babba guda ɗaya don jawo yara. Gobara zai tayar mini?

AMSA: Ɗan'uwa, bidiyon ba ƙarya ba ne. Abin ya fara da RTX 4090 a Oktoba 2022. An yi masa sabon filogi mai haƙora 16, manya 12 da ƙanana 4, wanda aka ce zai ɗauki wat 600. A wutar bolt 12, amfiya 50 ke nan ke bi ta kan da bai kai akwatin ashana ba. A Nuwamba na shekarar Nvidia ya ce rahoto kusan 50 ya samu a duniya, kuma rashin soka filogin har ƙarshe ne ya jawo. Akwai gaskiya a ciki. Amma a ganina filogin da zai shiga rabi kuma ya ci gaba da aiki, mai zanensa ma yana da rabonsa na laifi, kuma ai a 2023 an sake masa fasali, aka gajarta ƙananan haƙoran yadda in bai zauna daidai ba kati ba zai ja cikakkiyar wuta ba. Duk da haka an sake jin labarin narkewa a 2025 da RTX 5090 mai jan wat 575. Nan ba ruwan sunan kwali, kusan duk filogi ɗaya suke amfani da shi. In ka saya, tura shi sai ka ji ƙas, kada a ga ko siririn giɓi, kuma kada ka lanƙwasa wayar dab da kan.

Amma shawarata ta gaskiya, bar shi. Kati mai shan wat 450 shi kaɗai, a shagon da janareta ke riƙe da rabin yini, abokin gabar aljihunka ne. Kuɗinsa zai saya maka matsakaita da yawa, yaran Tudun Wada kuma ƙwallo suke zuwa bugawa, ba za su ga bambanci ba.

TAMBAYA, na bar ta yadda aka rubuto: Malam, ni ɗan kasuwa na, ina saida kayan kwamfuta nan cikin gari. Yaro shi zo shi sayi kati, shi tai gida shi haɗa da janareta, wuta ta ƙone shi, shi dawo shi ce ɓatacce nis saida mai. Yanzu haka kati biyu na nan ƙarƙashin kanta muna gardama da masu su. Ƙaƙa za ni gane mai gaskiya? Shi as sa nir rubuta ga rasit, kayan da anka saya ba a maido su.

AMSA: Alhaji, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Kukanka yana kan hanya, na ga irin yaran da kake faɗa. Kuma ana ganewa, ba sai an rantsar da kowa ba.

Fara da hanci. Katin da wuta ta ci yana ƙauri, kuma in ka haska fitila kusa da inda wayar wuta ke shiga za ka ga baƙi ko wani abu da ya kumbura. Sai dai ka sani wutar janareta ba ta isa kati kai tsaye. Sai ta bi ta fawa-fak, shi ke mayar da bolt 230 ya koma 12. Nagari yakan tare ɓarna ko ya mutu a madadin kati. Na banza, irin wanda aka rubuta wa wat 500 amma in ka ɗaga shi kamar gwangwanin da ba komai, shi ke miƙa wa kati ajalinsa. Don haka duk wanda ya dawo da kati, ce masa ya kawo kwamfutar gaba ɗaya. Duba tsakanin haƙarƙarin ƙarfen kuma: in ƙurar hunturu ta saƙa bargo a wurin, katin ya daɗe yana numfashi da ƙyar. Duba gindin da ke shiga mazauni ko ya tsage, don manyan katunan nan nauyi gare su, in aka ɗora kwamfuta a bayan kabu-kabu ba a zare su ba, ramin hanya ɗaya ya isa. Amma katin da ba ƙauri, ba baƙi, ba ƙura, ba tsaga, ya yi kwana goma ya fara ɗigo-ɗigo, wannan da ciwonsa ya zo, kai ma sayar maka aka yi.

Rubutun rasit ɗin ne ban bi ka ba, ka gafarce ni. Dokar tarayya ta kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka samu da aibi, kuma layi ɗaya a gindin rasit ba ya shafe wannan. Tun kafin dokar ma mun san hukuncin a zaure: aibin da ke ɓoye, wanda ya riga ciniki, yana ba mai saye zaɓi ya riƙe ko ya mayar, ko da mai sayarwa bai sani ba. Kai da kanka in ka sayi rago a Kara ka kai gida ka tarar da tsohon ciwo a jikinsa, ba za ka tsaya karanta rasit ba. Rubutun nan yana korar yaro maƙaryaci ɗaya, ya kori masu gaskiya biyar tare da shi, su kuma su je guruf su ɓata sunan shagonka da na kamfanin da bai san zancen ba.

Ga abin da na ga yana raba gardama. Kafin kati ya bar shago a kunna shi minti 30 a gaban mai saye. A rubuta lambar jikinsa a rasit, don akwai masu sayen mai lafiya su dawo da mataccen ɗan'uwansa. A rubuta kwanakin da ka ɗauka, da sharaɗin ba a kwance shi ba, kuma ka ga fawa-fak ɗin da za a haɗa shi da shi. Wannan sharaɗin kai ma ka kafa wa mai aiko maka daga Legas ko Kano. In uku daga kaya ɗaya suka dawo da ciwo iri ɗaya, sauke sauran daga kanta ka mayar masa, kada ka jira na huɗu.

Biyun da ke ƙarƙashin kantar kuwa, aiko yaro da su ranar Asabar bayan la'asar, tare da fawa-fak ɗin masu su. Ba zan kwance komai ba. In an bar mana wuta, kafin magariba za ka ji sakamako.